Waƙar Kafintan Bariki

Makon jiya aka rushe matakalar ladan ta tsohon masallacinmu. Taki bakwai ce ta jar ƙasa, manne da bango, tsakiyar kowane taki ya lotsa saboda sawu. Samari suka zo da diga da shebur, kafin azahar sun mai da ita tarin ɓurɓushi, wai za a faɗaɗa haraba a zuba siminti. Shekara nawa ba mai hawanta sai awaki? Ladanin yanzu yana zaune cikin inuwa, ya jawo wayar lasifika bakinsa, ko muryarsa ba ta fi ta sauro ba ƙarfe zai kumbura ta a ji har bakin titi. Ni dai ban taɓa yarda da wannan ƙarfe ba, don yana ƙara wa mutum abin da ba a ba shi ba. Jikokina suna cewa ban yarda da kowa ba, wai ko gaishe ni aka yi sai na auna gaisuwar. Ban musa ba. Amma ba haka aka haife ni ba, kuma sanadin abin yana nan kusa da wannan matakala.

A zamaninmu murya dukiya ce. Garinmu yana gindin duwatsu, kudu da Tudun Wada kan hanyar Doguwa, ba agogo ba rediyo, ladan shi ne agogon kowa. Da kiransa mata ke sanin lokacin kai fura gona, da shi Fulanin da ke ruga can bakin dajin Falgore ke sanin rana ta karya. In iska ta yi daidai, ladan mai ƙirji sai a ji shi a ƙauye na uku. Gari ne mai sauti iri-iri amma kowanne ka san mai shi: luguden taɓarya da hantsi, kukan jakuna, guɗar biki, kalangun mahauta ran kasuwa. Duk waƙar da muka sani tana da abin da ke riƙe ta, ko ganga, ko tafi, ko bugun ƙwarya, kuma mutum ɗaya ke bayarwa sauran su amsa. Abin da ke tashi da murya zalla bai wuce karatu da begen Annabi da kiran salla ba. Kakata takan gargaɗe mu cewa in muka ji murya na tashi ba ganga ba tafi, mu tsaya mu gane da wa ake magana kafin mu matsa kusa. Yanzu kuwa yaro yana tafe da waya a kunne, waƙar duniya duka tana zuba masa cikin kai, ba ya tambayar daga ina take.

Ni Allah ya ba ni murya, kakkaura mai zurfi, wadda in na kira jakina daga ƙetaren rafi sai na maƙwabta su ɗaga kai. Lokacin ina da aure shekara biyu, gemu ya fara fitowa. Baba Ladan ya tsufa, tari ya ci ƙarfinsa, taki bakwai ɗin nan sai ya huta sau biyu kafin ya kai sama. Sai Liman ya sa ni ina kiran azahar da la'asar a madadinsa, wani sa'ana mai suna Sale kuma yana kiran magariba. Kowa ya san bayan kaka dattawa za su zauna su ba ɗayanmu ladancin baki ɗaya. Ba albashi a ciki, sai ɗan damin dawa da masu hali ke aikowa. Amma ni ba dawar nake so ba. So nake a ce muryata ce ke tashin garin nan tana kwantar da shi, a kira ni Ladan har kabari. Na so abin nan so mai tsanani, ba na jin kunyar faɗa.

Sana'ata kuwa jakuna uku ne. Ina saro gora da itacen gini a daji in kai barikin masu haƙar kuza, can wajen duwatsun Riruwai, tafiyar rabin yini. Turawa ba su tafi ba tukuna, bariki cike yake da mutanen da ban taɓa ganin irinsu ba, kowa da harshensa da abin da yake ci. Wanda ke karɓar kayana wani kafinta ne mutumin Kudu, gajere, fensir a bayan kunne kullum, Hausarsa duk ta karkace amma ana ganewa. Ba ya ƙwarar mutum, kuma wannan ma ya sa nake lura da shi, don ban ga dalilin da baƙo zai yi mini kirki haka kawai ba.

Ran wata Asabar na makara, na isa da yamma bayan an tashi aiki. Ina sauke kaya a bayan rumfar kafinta sai na ji wani abu ya tashi daga ciki. Da farko na ɗauka kuka ake yi, an yi rasuwa. Na leƙa ta tsagar katako. Mutane ne kamar goma sha biyu a tsaye, maza da mata haɗe, sun kasu gida huɗu, kafinta a gabansu. Ba ganga, ba tafi, ba wanda ke rausaya. Na ga ya ciro wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu daga aljihu, ya buga a gwiwarsa, ya kara a kunne ya yi shiru kamar mai sauraron saƙo. Sannan ya juya ya ba kowane gida nasa sauti, ya ɗaga hannu. Suka fara gaba ɗaya, amma kowane gida hanyarsa daban. Mata biyu suna can sama siriri, wasu a ƙarƙashinsu, maza na bi ta tsakiya, wasu maza biyu kuma suna ƙasa suna gurnani. Ba mai bayarwa ba mai amsawa. A ka'ida hayaniya ya kamata a ji, irin ta kasuwa, sai ga shi abin yana haɗuwa yana zama ɗaya. Na yi a'uziyya na ja da baya.

Da suka watse kafinta ya fito ƙidayar gora, na ce masa, "Kafinta, wannan harshen garinku ne?"

Ya yi dariya. "A'a, mai jaki. Latin ke nan. Ba na garin kowa ba ne. Masu shi sun mutu tun da daɗewa."

"To da wa kuke magana da harshen matattu?"

"Da Allah. Kalmomin tsofaffi ne, na addu'armu. Muryar kuwa ni na ɗora musu, bana-bana. Ba a taɓa yin ta ko'ina ba sai rumfar nan."

Ya nuna mini takardar buhun siminti da ya ja wa layuka da fensirinsa, da ɗige-ɗige baƙaƙe kamar kashin awaki a kan igiya. Na tambaye shi abin da kalmomin ke cewa, ya ce roƙo ne a ba da zaman lafiya. Haka ya ce. Wa zan tambaya ya tabbatar mini? Su kansu masu rerawar ba ji suke yi ba. Harshen da ba a ciniki da shi, ba a zagi da shi, ƙarfen da ke yi wa mutum raɗa a kunne, takarda mai ɗige-ɗige: na haɗa waɗannan uku a raina na ce akwai magana. Ya ce ya ji yadda nake kiran jakuna, muryar ƙasa ce suke nema, nasa mutum biyun ba sa riƙewa. Na ce masa ni Musulmi ne, kuma mai kiran salla. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, bai sake tayar da zancen ba.

Da na yi hankali da na sauya ranar zuwana. Amma sai na tarar kowace Asabar ina da dalilin makara: yau jaki ya yi gardama, gobe rafi ya kawo. Ina gaya wa kaina gadi nake yi, ina so in gano abin da suke ƙullawa. Ina zaune bayan rumfa ina gyaran akumarin jaki, ina jin kafinta yana fama da mazan nan biyu na ƙasa. Akwai wani wuri da ya kamata su sauka taki uku su tsaya su riƙe, sauran su bi ta kansu. Kullum sai su zarce ko su gaza. Ya maimaita musu ya fi sau ɗari, ni da ke waje har na haddace ba da nufi ba. Ran nan suka sake ɓatawa a karo na biyar, haushi ya kama ni irin wanda ke kama mutum in ya ga ana ɗaure kaya ba daidai ba. Ban san lokacin da na buɗe maƙogwaro ba. Ban furta kalma ko ɗaya ba, don ban san su ba, sautin kawai na saki, na sauka taki ukun nan na tsaya na riƙe.

Ba su tsaya ba. Kafinta bai ko waigo ba, ya ci gaba da kaɗa hannu, gida ukun nan suka hau kan muryata suka zauna. Na ji su a ƙirjina, na ji su a haƙorana. Ni ne ƙasa, su ne ginin, in na motsa duk su motsa. Na daɗe ina kira daga saman matakala ni kaɗai, ban taɓa sanin murya tana iya ɗaukar wata murya ba. Abin bai fi numfashi goma ba. Daɗin da na ji shi ya firgita ni, don ban taɓa jin irinsa ba kuma ban san hukuncinsa ba. Na tattara jakuna na bar bariki ko sallama ban yi ba, ban sake komawa ba, na mai da gorata kasuwar Tudun Wada.

Na baro bariki amma waƙar ta biyo ni. Ina sara tana nan, ina alwala tana nan, takun jakuna ma sai ya koma tafiyarta. Na shiga lissafin inda aka kama ni. Na tuna kafinta ya taɓa ba ni ruwa a moɗar gwangwani. Na tuna ya taɓa dafa kafaɗata. Na ce ƙarfen nan ne, sunana aka raɗa masa. Ban gaya wa kowa ba, ina zaton ciki na ɓoye ta, ashe in ina tufkar igiya a tsakar gida tana fita ta hancina ban sani ba.

Sai na fara ganin canji. In na sauko daga matakala dattawan da ke cewa madalla sai su dubi ƙasa. Wata rana na ji wani tsoho yana ce wa na kusa da shi wutsiyar kiran nan ta yau ta sauka wani iri. Har gobe ban san ko gaskiya ne ba. Na sha juya kiran ran nan a kaina, wani lokaci in ji daidai yake, wani lokaci in ji kamar ya ɗan lanƙwasa. Nan take zuciyata ta tafi kan Sale. Wa zai ci riba in na faɗi? Na ce bin sawuna ya yi har bariki. Ya gaishe ni da fara'a na ce fara'ar mai laifi ce, ya yi shiru na ce shirun mai laifi ne.

Ana saura kwana kaɗan dattawa su zauna, Liman ya aiko a kira ni bayan la'asar. Na tarar da shi a zaure da Baba Ladan da dattawa uku, Sale yana rakuɓe bakin ƙofa. Na cire takalmi na durƙusa na kwashi gaisuwa. Liman mutum ne mai sanyin magana, shi ya koya mini baƙi da wasali, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Ya ce, "Ɗana, an ce ka ɗauko wani abu a bariki."

Na ce, "Allah gafarta Malam, haka ne." Na kwashe labari duka na gaya masa.

"Ka furta kalmominsu?"

"Ban san su ba, Malam. Sautin ne kawai."

"Ka shiga cikinsu ka tsaya?"

"Ina waje, bayan katako."

Sai Sale ya yi gyaran murya ya ce, "Allah gafarta Malam, ni dai ina bayansa kullum, ban ji kiransa ya canza ba. Kuma muryarsa ta fi tawa, kowa ya sani." Na dube shi na ce a raina, ji makirci, ya soke ni kuma ya zo yana shafa mini magani.

Liman ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ban ce ka yi saɓo ba. Kunne ba shi da ƙofa da za a rufe. Amma maƙogwaron ladan ba nasa ba ne, na jama'a ne, kuma jama'a sun shiga shakka. Tambaya ɗaya zan yi maka, abin da ka faɗa shi zan ɗauka, ba rantsuwa ba shaida. In ka ce ta fita daga kanka, gobe kai ne ladan. Ta fita?"

Kalma biyu ce tsakanina da abin da na fi so a duniya, kuma ba mai iya leƙa kaina ya ƙaryata ni. Baba Ladan yana kallona yana ɗan gyaɗa kai, alamar in faɗa a wuce wurin. A daidai lokacin kuwa, wallahi, tana cikin kunnena, tana sauka taki ukun nan.

Na ce, "Tana nan, Malam."

Ya sauke numfashi. Ya ce, "To Sale zai riƙe. Riƙo na ce. Ran da ta fita ka zo ka gaya mini, ko shekara nawa ne."

Na koma gida na tarar da matata zaune gindin turmi tana kuka, labari ya riga ni. Na fara zagin Sale, na ce sai Allah ya saka mini. Ta kama ƙafata ta ce, "Maigida, kada ka ɗauki alhakinsa. Ni ce." Ashe ta yi makonni tana jin gurnanin nan yana fita daga gare ni, ga na rame, ga ba na cin tuwo, ta tabbata sammu aka yi mini a bariki. Sai ta auni gero ta tafi wurin matar Liman a asirce, ta roƙa a yi mini rubutun sha, ta ce za ta zuba mini a kunu ba tare da na sani ba. Matar Liman ta tambayi irin ciwon don a san abin da za a rubuta, ita kuwa ta kwaikwaya mata, a gaban mata huɗu masu sussuka. Cetona ta je yi. Na sha rubutun nan kwana bakwai ina yaba daɗin kunu. Ban yi mata faɗa ba, ban kuma ba Sale haƙuri ba, don a raina kawai na zarge shi. In gaya muku gaskiya, har yau ina ganin ya yi saurin karɓa.

Na yi iya ƙoƙarina in kore ta. Na ƙara karatu, na yi azumin nafila, na sha rubutu da sanina wannan karon. Takan yi kwana uku ba ta zo ba, in ɗaura niyyar zuwa wurin Liman, ina sa hula sai ta dawo. Kowace Juma'a in mun gaisa yakan riƙe hannuna ya dube ni, ni kuwa in sunkuyar da kai, ya sake ni. Sale ya yi ta riƙo, damina ta bi damina, yara suka taso ba su san shi da wani suna ba sai Ladan. Muryarsa ba ta ƙetare rafi, Fulani suka koma duban inuwa. Na ji labari kafinta ya koma ƙasarsu da takardunsa, mutanensa sun watse, rumfar ma gara ta cinye. Ni kuwa sau biyar a yini ina amsa kiran wani.

Shekara tara ana haka, ciwon ajali ya kwantar da Liman. Na je gaishe shi da hantsi, na tarar an fito da shi zaure kan buzu, ya zama ƙashi da fata. Ya sa aka ba mu wuri. Ya kama hannuna kamar yadda ya saba.

"Ta fita?"

"Tana nan, Malam."

Ya yi ɗan murmushi. "Na yi hukunci a kan abin da ban taɓa ji ba, abin yana damuna. Ba kowa a nan. Yi mini ita in ji abin da ya raba ni da ladanina."

Na dubi ƙofa, na dubi taga, na matso kusa da kunnensa. Na rufe baki na saki sautin a hankali. Sai a lokacin na ji ta yadda wani zai ji ta. A kaina gida huɗu ne cif, matan nan suna sama, maza suna ratsawa. Abin da ya fito zaure kuwa nawa kason ne kaɗai: gurnani ya tsaya wuri ɗaya, ya sauka taki uku, ya daɗe, ya hau ɗaya, ya koma inda ya fito. Ba daɗi, ba kai ba gindi, kamar sa yana nishi a turke.

Na yi shiru. Liman yana jira in ci gaba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan nawa, Malam. Sauran na gida ukun nan ne, sun tafi."

Ya daɗe yana kallon azara, hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shige kunne. Ya ƙara damƙe hannuna.

"Ɗana," ya ce, "wannan ai ko waƙa ba ta kai ba. Ka yafe mini."